Na ba dillali kafin alƙalami, ya ƙi haɗa ni da mai gida: in ci gaba ko in janye?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, ƴar Tawa, aiki ya zaunar da ni a Yamai. Na gaji da haya, na haɗa ajiyata da kuɗin adashi, ina kuma shirin cikawa da bashin banki in sayi gidana na farko. Wani dillali ya nuna mani gida a Harobanda, ɗaki uku da falo, a kan sefa miliyan 17. Ya ce mai gidan yana Kwatano, kuma wai akwai wani mai saye da zai zo da kuɗi a hannu, don haka na ba shi jika ɗari biyar kafin alƙalami, ya rubuta mani ƴar takarda. Da na nemi takardun gidan sai ya turo mani hoton akt, wato takardar mallakar filin, ta WhatsApp, sunan da ke kai kuma ba shi ne wanda ya faɗa mani ba. Yanzu yana matsa mani in cika rabin kuɗin. Kafin shi ma wasu dillalai sun yi ta karɓar kuɗin yawo ba su nuna mani abin kirki ba. In ci gaba ko in janye? Kuɗina za su dawo?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin komai, kada ki ƙara masa ko dala. Ban ce ki janye yau ba, ban kuma ce mutumin ɓarawo ne ba, amma a matsayin da maganar take yanzu babu abin da ke hannunki da ya isa a biya masa rabin miliyan 17. Na daɗe ina aiki a ofishin noter, wato mai tabbatar da takardun ciniki bisa doka, a nan Yamai, haɗa takardun cinikin gida da fili shi ne abincina, kuma irin labarinki ba baƙo ba ne a teburina.

Abin da yawancin masu sayen gidan farko ba su gane ba shi ne dillali ba wakilinsu ba ne. Yana kiranki Hajiya, yana goya ki a babur ko ya tsayar maki da taksi, yana kushe gidan da ba ki so, sai ki ji kamar naki ne. Amma la'adarsa ba ta fitowa sai an yi ciniki. In kika sayi gida mai lafiya ya samu, in kika sayi gida mai rigima ya samu, ranar da ba ya samu kawai ita ce ranar da kika fasa. Mutumin da abincinsa ke rataye da ki ce "na saya" ba shi za ki tambaya ko ya kamata ki saya ba. Aikinsa ya nuna maki ƙofa, ya haɗa ki da mai ita. Binciken takarda ba aikinsa ba ne, riƙe kuɗi kuma ba aikinsa ba ne, ko da mutumin kirki ne. Akwai na kirkin da yawa, na san dattawan da suka tsufa a sana'ar ba a taɓa kai su gaban kowa ba. A garin nan kuwa da wuya ki samu gida ba ta hannunsu ba, don mai sayarwa ba kasafai yake kafa allo ba, sau da yawa ma ba ya son maƙwabta su san yana cikin matsi. Matsalar ita ce sana'ar ba ta da ƙofa: duk mai babur da waya ya wayi gari dillali.

Ɓoye maki mai gida da ya yi yana da fassara mai sauƙi da mai nauyi. Mai sauƙin ita ce sarƙa. Gida ɗaya yakan bi ta hannun dillalai uku ko huɗu kafin ya iso kunnen mai saye. A ce mai gida ya gaya wa na farko miliyan 14 yake so. Na farko ya faɗa wa abokinsa a fada, wurin shayi, ya ce 15. Abokin ya tura hoto a wani zauren WhatsApp ya rubuta 16. Wanda ya same ki ya ce 17, ya bar wurin da zai "roƙa maki ragi" ki ga ya yi maki ƙoƙari. Duk cikinsu na farko ne kaɗai ya taɓa ganin mai gidan. Wanda ke gabanki ba zai haɗa ku ba don shi kansa bai san shi ba, in kuwa ya san shi, ranar da kuka zauna tare miliyan uku sun tashi. A irin wannan, gidan gaskiya ne, tsada kawai za ki saya. Fassara mai nauyin ita ce babu wanda ya ba kowa izinin sayarwa, ko wanda ya bayar ɗin ba shi da ikon bayarwa. Zancen "wani zai zo da kuɗi gobe" kuwa kada ya tsorata ki, kusan kowane ciniki ana yinsa. Wani lokaci gaskiya ne, amma gidan da zai kuɓuce maki don kin nemi kwanakin duba takarda ba asara ba ce.

Tafiyar mai gida ba hujja ba ce. Wanda ke Kwatano yana da waya. A kira shi ta bidiyo a gabanki, ya nuna fuskarsa da katin ɗan ƙasa, ya faɗi farashin da bakinsa. In da gaske zai sayar bai zo ba, sai ya ba wani wakilci a rubuce, wanda noter ko ofishin jakadanci ya tabbatar, da sunan wakilin da lambar filin a ciki. Takardar da aka rubuta da biro aka ce "na wakilta ɗan'uwana" ba ta wadatar ba.

Sunan da ya bambanta shi ne ya fi damuna, kuma nan zan daɗe. Sau da yawa dalilin ba mugunta ba ne, sakaci ne. Mutum ya sayi fili shekaru da suka wuce, aka miƙa masa akt da sunan mai shi na farko, aka rubuta takardar ciniki da shaidu, bai je ma'aikatar magajin gari an sauya suna ba don gudun kuɗin sauyawa. Shi ma ya sayar wa wani haka. Akwai ma filayen da gwamnati ta ba ma'aikata a madadin bashin albashi a farkon shekarun 2000, da yawansu sun canza hannu sau da dama alhali sunan ma'aikacin farko ne a takarda. Irin wannan yana gyaruwa, amma sai an jero takardun ciniki daga sunan da ke kan akt har zuwa wanda ke sayar maki, babu giɓi ko ɗaya. In aka rasa ɗaya a tsakiya, ke za ki gaji wahalar neman mutumin da ƙila ya bar gari ko ya rasu.

Dalili na biyu gado ne, kuma shi ya fi kai mutane kotu. Sunan da kika gani yana iya zama na mahaifin da ya rasu, babban ɗa kuma ya sa gida a kasuwa ba tare da sanin sauran ba. Na ga wannan da idona: ciniki ya kusa ƙarewa, mai saye ya zo da cek, sai ga wata tsohuwa ta shigo ofis da jikarta, ta zauna a bakin kujera ba ta ko cire takalmi ba, ta kwance bakin zane ta fito da takardar aurenta da marigayin a naɗe cikin leda. Ita ce uwargida, tana ƙauye, babu wanda ya ambace ta. Tumuninta yana cikin gidan nan, ƴaƴanta mata biyu suna da rabo. Da an biya a waje, a zauren wani, da mai sayen ya shiga shari'ar da ba shi ya haddasa ba. Gidan gado ana sayensa lafiya, amma da takardar mutuwa, da takardar da kotu ta lissafa magada, da takardar zaman iyali da ta nuna wanda suka wakilta ya sayar. In akwai marayu ƙanana a ciki, a ƙara taka-tsantsan. Ki tambaya kai tsaye: mata nawa ya bari? Akwai ɗan da ke waje, a Libiya ko Abijan? Dillali zai ce kin cika bincike. Ki bar shi ya ce.

Dalili na uku shi ne jabu. Hoton akt a waya ba komai ba ne, yaron da ya iya kwamfuta zai haɗa maki shi da hatimi kafin la'asar. Har ta asalin ma, riƙe ta a hannu bai isa ba, don a garin nan an sha samun fili ɗaya da akt biyu, kowanne da hatiminsa.

Takardun ba darajarsu ɗaya ba, kuma dillalai sukan haɗa su duka su ce "akwai takarda". Ta ƙasa ita ce shaidar mallakar gargajiya da mai gari ko sarki ke bayarwa a kan gona. Tana da amfaninta a karkara, inda dokar ƙasar noma ta 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye, amma a bakin birni gonar da ba a yanka ba ba ki san inda hanya za ta bi ba ranar da aka zo yankawa. Ta tsakiya ita ce akt ta magajin gari, wadda yawancin gidajen Yamai ke kanta: tana ɗauke da sunan lotisma, wato yankin da aka yanka filaye, da lambar ilo, wato rukunin filayen, da lambar fili, da faɗinsa. Ta sama ita ce titir fonsiye, wadda tsarinta ya samo asali tun dokar 1932 ta zamanin Faransa. Ita ce doka ta ɗauka tabbatacciya, ita ce kuma banki ya fi yarda da ita wajen jingina. Akwai hanyar da aka sauƙaƙa ta samunta, wadda ake kira Sheda.

Kowacce da inda ake duba ta, kuma da ƙafarki za ki je, ko ki sa noter da ke kika zaɓa, ba wanda dillali ya ce "namu ne" ba. Akt, a ofishin kula da filaye na birni, a buɗe rajista a ga ko lambar nan da sunan nan sun dace, ko an taɓa sauyawa, ko wani ya shigar da ƙorafi. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 shugabannin riƙo ne ke jagoranci, amma ofisoshin da rajistocin suna nan suna aiki. Titir kuma a ofishin ajiyar takardun filaye da ke ƙarƙashin hukumar haraji, ki nemi takardar da ke nuna halin da yake ciki: sunan mai shi a yau, da ko an jinginar da shi a banki. Gidan da ke jingine mai shi yana kwana a ciki, yana kuma iya nuna maki shi, amma bashin yana bin gidan ne duk inda ya je.

Bayan takarda sai ƙasa. Ki ɗauki ma'auni, wato mai auna fili, mai lasisi, ya zo da taswirar unguwa ya tabbatar gidan da kika shiga shi ne wanda ke kan lambar. Yana faruwa a nuna wa mutum gida mai kyau a bakin hanya, a ba shi takardar wani kango a bayan layi. Yana faruwa katanga ta ci mita biyu na hanya ko na maƙwabci. Yana kuma faruwa a yanka filin da aka ware wa makaranta ko kasuwa ko likita a sayar. Dajin dogon yaro da ya kewaye birni, wanda aka fara dasawa tun 1965, mutane da yawa sun sayi filaye a cikinsa da takardun da suka ɗauka sahihai ne, suna zaune kullum da fargabar rusau. In lotisma na ɗan kasuwa ne, ki tambayi takardar amincewar ma'aikatar tsara birane. Kuɗin ma'auni da na bincike ƙalilan ne a kan miliyan 17, amma abin mamaki nan ne mutane ke yin rowa, su da suka miƙa jika ɗari biyar a tsaye a bakin titi. Ba gori nake maki ba, Malama, kowa haka yake yi in ya ga gida ya kwanta masa.

Tunda Harobanda kika ce, akwai tambayar da babu dillalin da zai fara ɗauko maki ita: ruwa. Unguwar ba duka ɗaya ba ce, akwai tudu akwai kwari. A 2012 kogi ya shiga gidaje a wannan ɓangaren. A watan Satumban 2020 ruwan kogin Isa, wato Kwara, ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, alhali jan layin gargaɗi yana kan mita 6 da santimita 20, madatsar Lamorde ta ɓalle, unguwanni irin su Lamorde da Karaje da Kirkisoye suka sha ruwa, haka ma Saga a ɗaya gaɓar. Can cikin gari kuma masu bin kwarin Gunti Yena sun san halinsa da damina. Gidan da za a sayar da rani fenti ake yi masa. Ki duba ƙasan bango: in sabon fenti ya tsaya daidai gwiwa ko ƙugu, ko siminti ya kumbura yana zubar da farin gishiri, ki sa hannu ki ƙwanƙwasa. Sannan ki fita ki dubi katangar maƙwabci, wadda ba wanda ya yi wa kwalliya, layin ruwan yana nan a jikinta. Ki koma unguwar wata rana ba tare da dillali ba, ki sayi ƙosai wurin mai tuya a bakin layi, ki tambaye ta yadda suke kwana a watan Agusta. Ita za ta gaya maki har wanda ke da gidan da dalilin da ya sa ake sayarwa. Mai unguwa da limamin masallacin layin su ma a gaishe su.

Maganar kuɗinki. Ki ɗauko ƴar takardar da ya rubuta ki karanta da kyau. Da sunan wa ya karɓa? An rubuta lambar fili? An rubuta abin da zai faru in ciniki bai yiwu ba? A dokar farar hula da muka gada daga Faransa, aya ta 1590 ta ce in kuɗin na riƙe alkawari ne, mai sayen da ya fasa don ra'ayinsa ya yi asararsu, mai sayarwar da ya fasa kuma ya mayar da ninki biyu. Da wannan dillalai ke tsorata mutane, su ce ai ke kika fasa. Amma aya ta 1599 ta ce sayar da abin wani ba ciniki ba ne. In ya kasa kawo mai gida ko wakilci sahihi, ba ke kika fasa ba, shi ne ya karɓi kuɗi a kan abin da ba shi da ikonsa. Don haka kada ki furta masa kalmar "na fasa", ko a waya ko a saƙo. Ki ce masa kuɗinki a shirye suke, ya kawo mai gida da takardun asali ofishin noter rana kaza. Ki faɗa a gaban shaidu biyu, ki kuma tura masa a rubuce. Duk saƙonnin muryar da ya turo maki ki adana su, kada ki goge ko ɗaya.

In ranar ta zo ya kawo, madalla, a yi bincike, ƙila ma ki ji farashin gaskiya daga bakin mai shi. In bai kawo ba, ki fara da hanyar gida: dattijon da yake jin nauyinsa, ko babban dillalan fadarsu, ko mai unguwa. Dillali da sunansa yake cin abinci, kuma wannan matakin yakan yi aiki fiye da yadda ake zato. In ya ƙi, wisiye, wato jami'in shari'a mai isar da takardu, ya kai masa takardar gargaɗi, in ya ci gaba da zille-zille ki kai ƙara wurin ƴan sanda a kan zamba. Gaskiyar da zan gaya maki ita ce da wuya kuɗin su dawo a dunƙule. Galibi an riga an raba su tsakanin ƴan sarƙar tun daren da kika bayar, sai dai ya riƙa kawowa kaɗan-kaɗan. Ki karɓa, amma a rubuta jadawalin biya ya sa hannu.

Dillalin gaba kuma, ko wannan ɗin in ya gyara, ku yi maganar la'ada tun ranar farko: nawa ce, wa zai biya, ke ko mai gida ko ku duka, kuma ba ta fita sai ranar da aka sa hannu. Babu wani farashi da aka saukar daga sama, ciniki ake yi. In su huɗu ne, su raba a tsakaninsu, ba ruwanki. Kuɗin yawo ban ga laifinsa ba in na mai ne, mutum ya bar aikinsa ya zagaya da ke, amma a kan gidan da ya dace da abin da kika faɗa. Wanda kika ce masa ɗaki uku a Banifandu ya kai ki kango a bayan Kwara Tegi, yawon yake sayarwa, ba gida ba. Kuɗin gida kuwa ta banki, da cek ko turawa, zuwa sunan mai gida ko asusun noter, a ranar sa hannu. Ki tambayi noter tun da wuri ya lissafa maki kuɗin rajista da na sauya suna da nasa, don kada ki zuba duk abin hannunki a farashi ki bar gida da sunan wani, ki zama giɓin da na gaba zai yi ta nema.

Bashin bankin da kike shiri ma zai taimake ki ta wata fuska. Ki kai masu takardun tun kafin ki yi alkawari. In banki ya duba ya ce ba zai karɓi gidan jingina ba, ki tambayi dalili da kyau.

Abu ɗaya da ya shafe ki a matsayinki na mace: sunanki za a rubuta, kamar yadda yake a katinki, harafi da harafi. Ki je da maigida ko yaya ko kawu ya tsaya maki wurin ciniki, wannan daidai ne, dillalai ma sun fi shiga taitayinsu in sun ga namiji. Amma na sha ganin matan da suka biya da guminsu aka rubuta sunan wanda ya raka su "don sauƙi", bayan rasuwarsa gida ya faɗa cikin gadon da ba nasu kaɗai ba.

Kafin ki saki kuɗin ƙarshe ki nemi takardun biyan wuta na NIGELEC da na ruwa da na harajin gida, a ga babu bashin da ya taru a kan kwanta, wato mitar wuta ko ta ruwa. In akwai ƴan haya a ciki, a rubuta a takardar ciniki ranar da za su tashi da wanda zai mayar masu da kuɗin ajiyarsu, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin a hannun noter har ranar da aka miƙa maki makulli gida babu kowa.